Kwamfutar Hannu Ɗaya

Hutun haihuwar Malama ya zo ƙarshe, ran Litinin ake sa ran ganinta a aji, ita kuwa har ta fara tunanin ajiye aikin. Dalili? Ɗan jaririnta, wanda gidan suka laƙaba wa Shugaba. Yaron nan ya ƙi goyo ƙememe, ya ƙi gado, shi dai a kafaɗar hagu yake mulkinsa. Ajiye shi ka ji ihu har bakin titi. To da wane hannun za ta shirya darasi? Tsohuwar kwamfutarta kuwa, ɗaga ta ma sai an yi bismilla.

Ƙaninta ne ya ja ta shagon kwamfutoci, yana ta cika baki.

"Yaya, ki bar min zaɓin nan. Ga wannan babbar, gudu kamar me!"

"Gudu zuwa ina? Rubutu zan yi, ba tsere ba."

Mai shago ya jero guda huɗu a kan tebur, ya fara zuba bayanin abin da ke cikinsu. Malama ba ta ko saurare shi ba. Ta gyara wa Shugaba kwanciya a kafaɗa, ta sa babban yatsa ta ɗaga murfin babbar. Kwamfutar gaba ɗayanta ta taso, ta dawo tim! Shugaba ya motsa, kowa ya ɗauke numfashi. Ta biyu ta zame, saura ƙiris ta sha ƙasa.

"Baiwar Allah, hannu biyu ake sa wa," in ji mai shago.

"Ara min naka ɗaya in tafi da shi gida."

Can gefe ta hango wata 'yar ƙarama, mai araha, ba nauyi. Ƙanin ya yatsine fuska.

"Haba Yaya, wannan ai ta wasan yara ce."

Yatsa ɗaya ta sa, murfin ya buɗe salin-alin. Ta ɗora ta a cinya, ta ga hannunta ɗaya ya isa ko'ina a kan madannan. Ta rubuta layi, ta ƙara wani, Shugaba na ta minsharinsa. Daɗi ya kama ta har idonta ya kawo ruwa, don wallahi tana son ajin nan nata.

"Kira min shugabar makaranta," ta ce wa ƙanin, "ka riƙe min wayar a kunne."

Da aka ɗauka ta yi ƙasa da murya: "Ranki ya daɗe, kada a ba kowa ajina. Ina nan tafe."