Zaren Tsakiya

Ƙusoshi huɗu ne a jere a kusurwar allon, da zare uku a tsakaninsu. Auta ta fi minti goma tana kallonsu, har shayin hannunta ya huce.

Allon nata ne. Shekara biyu ke nan da ta baro koyar da lissafi ta zo wannan asibiti, aka ba ta ɗaki kusa da sashen wankin ƙoda. Kowace ƙusa mutum biyu ce: maras lafiya, da ɗan'uwan da ya yarda ya ba shi ƙoda amma jininsu bai zo ɗaya ba. Idan ana zaton gida biyu za su iya musaya, na nan ya ba na can, na can ya ba na nan, sai ta ɗaura zare a tsakaninsu. Zaren zato ne kawai, sai an haɗa jini an gwada ake sanin gaskiyarsa. Dokar asibitin kuwa ita ce, in gwaji ya dace magana ta ƙare, sai tiyata, domin ba a nuna wa mai ƙishi ruwa a janye. Aikin manhajar kwamfutar da ta rubuta shi ne ta faɗi zaren da za a fara gwadawa.

Ƙusa ta biyu tasu ce, ita Auta mai bayarwa da yayanta, kafinta, wanda ƙodarsa ta gaza wata takwas da suka wuce. Zaren da ya haɗa su da ƙusa ta uku, na tsakiya, damar dacewarsa casa'in cikin ɗari ce. Na gefe biyun sittin-sittin. Ƙusa ta farko da ta huɗu ba su da wani zare a duk faɗin allon. Manhaja kuwa, da ba ta san yayan kowa ba, ta ce a fara da gefe.

Babban likita ya shigo ya tsaya a bayanta.

"Malama, kwamiti na da ikon tsallake na'ura. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ki ce a fara da tsakiya, babu mai ganin laifinki."

"Likita, sau nawa na tsaya a gabanku ina cewa kada kwaɗayin zare mai ƙarfi ya ja ku? Tsakiya mutum biyu take ceta. Gefe na iya ceton huɗu."

"Lokacin ba yayanki ba ne a allon."

"Ashe dai wanzami ba ya son jarfa," ta ce, ta yi murmushin da bai kai zuci ba. "Lissafin bai canza ba. Amma jikin ba nawa ba ne ni kaɗai. Bari in tambayi mai shi."

Ta sami yayan nata a shagonsa da rana, zaune a kan benci yana goge ƙafar kujera, tunda tsayuwa ta daina yi masa daɗi. Ta zare fensirin da ke bayan kunnensa, ta zana masa ɗigo huɗu da layi uku a jikin guntun katako. Ba ta rage masa komai ba. In aka fara da tsakiya, samunsa kusan tabbas ne. In aka fara da gefe, kuma na uku ya dace da na huɗu, tsakiya ta tafi ke nan. Duka-duka damarsa za ta koma uku cikin huɗu.

"Su na gefen fa, in an fara da tsakiya?"

"Sai su jira wata ƙusa ta zo. Akwai wanda ba shi da lokacin jira."

"To, shi lissafin naki ba ya kuskure?"

"Yaya, zaɓen da babu kuskure sai wanda ya san gaibu. Nawa yana kusantar daidai ne, kuma na san iyakar nisan da zai iya yi."

"Kusa-kusa!" Ya yi dariya har da tari. "Ni in na yi wa mutum ƙofa kusa-kusa, a kaina zai rotsa ta. Duk karatun nan, Auta, ashe kintace kika koyo."

"Kintace mai hujja."

Ya miƙa hannu ya jawo wani dogon katako, ya ɗora a cinya, ya shafa tsakiyarsa inda ya fi santsi.

"Ina shekara sha huɗu na yanke tsakiyar wani katako irin wannan, don ta fi kyau, na yi wa Baba kan tebur. Gefe biyun suka zama itacen wuta. Marin da na sha har yau kunnen nan yana tunawa." Ya ajiye katakon. "Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Injin wankin ƙodar nan ya ishe ni. Amma ki ce su fara da gefe."

Ranar Alhamis da safe sakamako na farko ya fito: na uku ya dace da na huɗu. Ma'aikatan jinya suka ɗauki murna a baranda. Auta ta taya su, da gaske kuma ta taya su, sannan ta koma ɗakinta ta kwance zaren tsakiya da hannunta. Ta rasa inda za ta sa shi, sai ta naɗe shi a yatsa. Yanzu sittin ce kaɗai ta rage wa yayanta, kuma ita ta jawo. Ta zauna ta buɗe aikin mako mai zuwa, ta ƙi duban agogo.

Bayan azahar likita ya turo ƙofa da takarda a hannu.

"Ya dace, Malama. Ku da na farko. Mutum huɗu! Lissafinki ya yi daidai."

"Ko da bai dace ba, lissafin daidai yake," ta ce, muryarta tsaf kamar tana gaban aji.

"Na sani. Kira yayanki."

Ta kai hannu ga waya, hannun ya ƙi ɗaukarta. Likita ya duba, ya ga yatsan ya kumbura, kansa ya yi baƙi, zaren ya nutse cikin nama. Ya jawo kujera ya zauna, ya shiga warware shi a hankali, zagaye bayan zagaye, ita kuwa hawaye na sauka a kan takardar.