Tambaya ta Bakwai

Sharhabilu ba ya musun laifinsa: takardar tambayoyin nan ba shi ya tsara ta ba. Ta wani ɗalibi ce da ya gama shekara goma da suka wuce, shi dai ya kwafo ya canja sunan gari. Malamin gona ne mai shekara arba'in da takwas da ciwon gwiwa, ya koma jami'a neman digiri na biyu kan tattalin arzikin muhalli don kada ritaya ta same shi a matakin da yake. Irinsa ba shi da lokacin ƙirƙira.

Yanzu ga shi zaune a ƙasa gindin tsamiya, a wani ƙauye gaba da Zakka, bakin daji, an cire masa takalma da hula. 'Yan sa-kai biyar sun kewaye shi da bindigogin toka. Mai babur ɗin da ya kawo shi ya ce bari ya zaga ya kama ruwa, har yanzu yana kamawa.

Tambayoyi shida na farko sun tafi lafiya: suna, shekaru, itacen girki. Ta bakwai ya yi wa wani dattijo, dattijon ya miƙe ba sallama. Ba a jima ba waɗannan suka iso.

Maude, shugabansu, ya jefo masa takardar. "Karanta mana, Malam. Da ƙarfi."

"Shanu nawa gare ka?" Sharhabilu ya karanto ta bakwai.

"Ci gaba."

"A ina kake kiwonsu? Yaushe suke fita, yaushe suke dawowa?"

Wani daga baya ya ce, "Saura ka tambayi ɗakin da muke kwana."

Kowa a ƙasar nan ya san yadda ake yi da mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Ba a wahalar da 'yan sanda a kansa.

"Ranka ya daɗe, bincike ne," in ji Sharhabilu. "Darajar daji ake son sani, don gwamnati ta tsara abin da ya dace."

"Mu mun san darajarsa. Ci gaba."

Ya so ya tsallake ta goma, amma ɗaya daga cikinsu, Sagiru, ya yi boko, yana bin layin da ido ta saman kafaɗarsa. Dole ya karanta.

"Nawa za ka yarda ka biya duk shekara don ka ci gaba da amfana da dajin?"

A aji, tambayar nan tana da suna mai daɗi da Turanci, har maki mai kyau ya ci a kanta. A nan kuwa, ita ce saƙon neman haraji da ɓarayi ke aikowa daga daji gab da girbi. Ya ji an gyara riƙon bindiga a bayansa. Ya fara kalmar shahada a zuci, gwiwar ma ta daina ciwo.

Maude ya tsugunna har suna jin numfashin juna.

"Tun da ka shigo garin nan, saniya nawa ka gani?"

"Ban... ban lura ba."

"Kashin shanu fa, ka taka?"

"A'a."

Maude ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya wajen mutanensa. "Na daji sun san adadin. Su suka kora ta ƙarshe bara da damina, ba za su aiko tambaya ba. Mutumin da bai san wannan ba, gwamnati kaɗai ke da irinsa. Ku ba shi takalmansa."

Ba wanda ya yi dariya. Aka miƙo masa hula, aka kawo ruwa a moɗa, rabi ya sha, rabi rigarsa ta sha.

"Tunda ka zo, rubuta," in ji Maude. "Maude Manu, shekara hamsin da biyu. Shanu babu. Ka kai musu haka."

Sharhabilu ya ɗauki biro, ya nemi inda zai sa alama. Akwatuna uku ne a ƙarƙashin tambaya ta bakwai: ɗaya zuwa biyar, shida zuwa ashirin, sama da ashirin.