Ranar da Na Riƙe Gorar Eriya

Ni Hajara, duk Bunkure ba wanda zai ce ya taɓa jin sunan 'yata ta fari a bakina. "Waccan" nake ce mata, in ta yi abin kirki in ce "'yar gidan nan". Haka na taso na ga uwata tana yi wa yayanmu, haka na ɗauka. Kara ce, ba ƙiyayya ba. Amma wallahi akwai ranar da karar nan ta kusa kashe ni a tsaye, cikin bazarar 2007.

Yarinyar tana da shekara goma sha huɗu. Ta cinye musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙaramar hukuma, izu ashirin, aka tafi da ita Kano wajen ta jiha tare da malamarsu Saude. Ranar Laraba ina tsakar gida ina yanka tumatir zan shanya kauɗa, sai ga Malam, mijina, ya shigo yana murmushi har kunne. Ya ce yarinya ta kai zagayen ƙarshe, kuma ranar Asabar bayan la'asar tashar jiha za ta nuna su kai tsaye.

Na ce, "To, Allah ya ba mai rabo sa'a," na ci gaba da yanka. Yatsana na yanka, ban ma ji ba sai da na ga jini.

Gidanmu babu talabijin. Malam ya ce rediyo ta ishe shi. Gidan kallon bakin kasuwa kuwa ƙwallo ce kawai da hayaniyar samari, ba mace mai mutunci da za ta leƙa. Sai ƙanin Malam, Suhaibu, wanda ke koyarwa a sakandare a Kura, ya ce a bar masa komai. Akwai kwamfutar da ya kawo ana buga takardun jarrabawar Islamiyyarmu, ita zai mayar talabijin.

Na ce, "Kai dai ba ka rabo da cika baki. Abin da yake buga takarda ne zai nuna mutum? Gobe ma ka ce turmina zai kama BBC."

Ya ce, "Matar Yaya, ki ajiye bakinki zuwa Juma'a. Abin nan da kike rainawa, a shagon intanet a Kano da irinsa nake kallon karatun malaman Misira."

Juma'ar kuwa ya dawo daga Kano da wani ɗan allo kore, bai fi tafin hannu ba. Ya kwance cikin kwamfutar da sukundireba, ya cusa shi, ya mayar da murfi. Ya ɗaura eriya a kan doguwar gora, ya kafa ta a bayan ɗakin surukata Inna, ya ɗaure a jikin darbejiya, ya zuro waya ta taga. A ɗakin Inna aka ajiye na'urar don ya fi kowanne faɗi. Ya tayar da janareta, ya danna nan ya danna can, sai ga wani mutum cikin gona yana bayani a kan noman rani, ras kamar ka miƙa masa hannu.

Inna ta matso ta ƙura ido. Ta ce, "Wannan tumatirin nasa ruwa ya yi masa yawa. Wa ya ba shi izinin koya wa mutane?"

Aka tuntsire da dariya. Ni ina daga bakin ƙofa da tsintsiya, wai shara nake. Suhaibu ya waiwayo ya ce, "Saura turmin naki." Na ce Allah ya shirye shi.

To ni fa na riga na gama shirina. Ba zan shiga in zauna cikin mata in baje ina kallon 'yar fari ba, Allah ya kiyaye, da wane ido zan kalli Inna? Amma ai baƙi suna shan ruwa. Zan shiga da kwanon sha, in fita, in dawo da kofi, in fita, in dawo ɗaukar kwanon. Kowane zuwa in saci kallo. Har gwadawa na yi da ba kowa a ɗakin, na gano daga inda zan durƙusa in ga fuskar na'urar ba tare da na ɗaga kai ba.

Asabar tun azahar mata suka fara sallama. Wadda rabonta da gidanmu tun sunan autana, sai ga ta da goyo. Ɗaki ya cika maƙil, har bakin ƙofa. Malam ya zauna a kan buzunsa a gefe, carbi a hannu, wai shi bai damu ba, alhali sau uku yana tambayar ƙarfe nawa. Aka yi la'asar, aka fara. Yarinya ta farko daga Gwarzo ta hau ta yi karatunta. Na ɗauki kwanon ruwana.

Sai iska ta taso. Kun san iskar bazara, ba ta sallama. Ta kwashe min kauɗa daga kan buhu, ta tsinke igiyar da aka ɗaure gora, eriya ta karkata ta kalli Zariya. Ɗaki ya ɗauki salati. Hoto ya tafi, ba abin da ya rage sai shuuu.

Suhaibu ya fito da gudu, ya miƙar da gorar, hoto ya dawo. Ya saki, ya sake tafiya. Ya nemi wata igiyar bai samu ba, lokaci kuma yana tafiya. Ya ce, "Dole wani ya riƙe. Ni sai ina gaban na'ura."

Wannan ta kalli waccan, waccan ta shiga gyara goyo. Sai maƙwabciyata Sa'a, Allah ya yafe mata, ni dai har yau ban gama ba, ta buɗe baki ta ce, "Af, ga Hajara! Ita da ba kallo za ta yi ba."

Nan take ɗaki ya amsa. "Ƙwarai kuwa!" "Ai Hajara akwai kara, ko an ɗaure ta ba za ta kalla ba." "Irin matan dauri ke nan." Yabona suke yi, jama'a. Yabo! Ina tsaye da kwanon ruwa a hannu ana yi min kirari. Me zan ce? In ce a'a, ina son ganin 'yata? Na ajiye kwanon, na ce, "Dama zafi ya ishe ni a nan," na zagaya bayan ɗaki.

Na kama gora. Suhaibu yana ba da umarni ta taga. "Juya wajen Kano! Kaɗan! Ya yi yawa, dawo! Yawwa, tsaya nan, ko numfashi kar ki yi!"

Na tsaya. Gabana bangon ƙasa, bayana darbejiya, iska tana watsa min yashi a ido. Tagar ta fi ƙarfin tsawona, sauti kaɗai ke fitowa. Yara uku suka wuce. Sai na ji mai gabatarwa ya ce, "Surayya Habibullahi, daga ƙaramar hukumar Bunkure." Mata suka rangaɗa guɗa, Malam ya yi gyaran murya aka yi shiru.

Ta yi a'uziyya. Muryar nan da nake ji kullum da asuba ina hura wuta tana tilawa a bakin murhu, ita ce yau take fitowa daga Kano ta bi ta gorar da ke hannuna. Jikina ya ɗauki rawa, gora ta ɗauka.

Suhaibu ya daka tsawa ta taga, "Matar Yaya! Hoto ya tafi! Riƙe da kyau mana!"

Na rungume gorar nan da hannu biyu, na haɗa da ƙirji. Cinnaku suka samu ƙafata suka hau, ban motsa ba. Can sai na ji ƙararrawar alƙalai, ƙil, alamar ta yi kuskure. Na san wurin, kullum nan take tuntuɓe. Na shiga karanta mata a hankali, ni da bango, kamar za ta ji. Ta koma baya ta gyara da kanta, ta wuce sumul. Hawaye suka zubo, babu hannun sharewa, na bar su.

Ta zo ta biyu a duk jihar Kano. Ni ban ce komai ba, amma alƙalin da ya kaɗa ƙararrawar nan ya yi gaggawa, da ya bari da kanta za ta gyara.

Aka fito ana ta yi min barka ana ba ni labari. Sa'a ta ce hijabinta fari ne ƙal. Wata ta ce ruwan toka ne. Wata ta ce ta rame, wata ta ce wallahi ƙiba ta yi. Ko yaran maƙwabta sun ga 'yata a talabijin, ni da na haife ta bango na gani. Na ce, "Madalla," na shige madafa. Na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba, amma takaicin ya fi yawa. Miyar ranar gishiri biyu na zuba mata.

Washegari Lahadi ranar ruwanmu ce, ranar da ake sako wa sashen gonakinmu ruwan noman rani a kanal. In ka yi sake ya wuce ka, sai wani makon. Gari na wayewa Malam da Suhaibu da duk wani mai ƙarfi a gidan suka saɓi fartanya da bututun ja ruwa suka nufi gona. Gida ya yi tsit. Ina wanke-wanke sai na lura janareta yana ta ruri shi kaɗai. Na ce oh, Suhaibu da mantuwa.

Inna ta fito da kujerarta 'yar tsugunne, ta dasa a ƙofar ɗakinta, ta juya wa ɗakin baya. Fuskar nan a murtuke.

"Ke Hajara."

"Na'am, Inna."

"Matan nan sun cika min ɗaki da ɓawon gyaɗa. Shiga ki share. Kuma Suhaibu ya ce ƙura ta hau wancan dogon maɓallin na ƙasa, wanda ya fi sauran tsawo. Ki sa yatsa ki goge shi da ƙarfi. Ki saki labule, kar ƙura ta fito min."

Na shiga na saki labule. Ɗaki tas, ko ɓawo ɗaya babu. An lulluɓe kwamfutar da zanen Inna. Na yaye.

Ga ta. A zaune a kan kujera, makirfo a gabanta, ba ta motsi. Hijabin shuɗi ne, wanda na ɗinka mata da hannuna, duk ƙaryarsu suke yi. Ashe ita kwamfuta ba kamar talabijin ba ce, tana iya ajiye abin da ta nuna, kuma Suhaibu ya sa ta ajiye. Daga baya na ji cewa Inna ce ta tare shi kafin ya fita gona, ta ce ya saita mata komai ya tafi, kuma in ya faɗa wa kowa sai ta saɓa masa.

Na goge dogon maɓalli. Yarinya ta ɗaga kai ta fara. Na zauna dirshan a ƙasa. Na ga yadda take murza bakin hijabi da yatsa in ta tsorata, na ga inda aka kaɗa ƙararrawa ta runtse ido, na ga ta buɗe. Ba wanda yake kallona, don haka na kalle ta son raina, na yi dariya, na yi kuka, na shafa fuskarta a jikin gilashin.

A waje na ji sallamar Sa'a, wai ta zo aron rariya. Inna ta ce, "Hajara tana aiki. Dawo da azahar."

Karatu ya ƙare, hoton ya koma farko ya tsaya. Na share fuska da gefen zane. Inna ta yi tari daga bayan labule.

"Kin gama?"

Na ce, "Inna, da sauran ƙura."

Ta ce, "To me kike jira? Sake gogewa."