Ruwan da Aka Shuka

Hermelinda tana durƙushe a bakin tankin ƙauye tana zura sandar awo, sai ta hango dattijon nan da ake kira Don Saturnino yana haurowa da bokiti, yana faɗa tun daga nesa. Ta miƙe tsaye. Tsohon nan bai taɓa hawa tudu don gaisuwa ba.

Ita ce shugabar kwamitin ruwa. Duk watan Agusta idon ruwan da ke cika tankin yakan ƙafe, famfuna su dinga hucin iska, mata su koma kogin da shanu ke sha, yara su kama gudawa. Shi ya sa da daminar bana, wadda a ƙasarsu takan kankama a Fabrairu, ta tsaya kai da fata, ta kwashi gari kaf zuwa aikin gayya na kwana goma sha ɗaya a can ƙolin dutse, suka gyara tsohuwar magudanar kakanni. Magudanar nan ba ta kai ruwa gidan kowa. Ruwan sama take tarawa ta juye shi cikin wata tsaga, ya ɓace. Marigayi mahaifinta yakan ce shuka ruwa ke nan: ka zuba a Fabrairu, dutse ya ajiye maka, ya ba ka da rani.

Tun a lokacin, a gaban taron ƙauye, Don Saturnino ya ce shi dai dankali ya san ana shukawa. Aka kwashe da dariya. Cikin fushi Hermelinda ta ce in famfo ya bushe bana, da hannunta za ta ajiye makullin tanki. Wata injiniya daga birni ma ba ta gaskata ba. Ta zuba wani koren rini marar illa a tsagar don gwaji, ta bar lambar waya, ta yi tafiyarta. Wata shida shiru, har an manta, ga shi Agusta ya kama.

Don Saturnino ya ƙaraso ya dire bokitin a gabanta yana haki.

"Doña Hermelinda, me kuka zuba mana? Matata ta ce ko alade ba za ta ba wannan ba, balle ni."

Ta leƙa. Ruwan garau yake, amma inda rana ta taɓa shi akwai wani kore-kore mai ɗaukar ido. Ta san launin nan.

Ta ja hannun rigarsa suka zaga bayan tankin, inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙarƙashin dutse. Nan ma koren ne, yana fitowa a hankali kamar ba abin da ya dame shi. Ta tuna masa da rinin injiniya. Ta so ta rama dariyar taro, sai kewar mahaifinta ta hana ta.

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi ƙolin dutsen, tafiyar rabin yini daga nan. Ya cire hularsa.

"Tun Fabrairu yake tahowa?"

"Tun Fabrairu, Don Saturnino. Ta cikin dutse."

Ya dafe hular a ƙirji. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, akwai wata magudanar a bayan waccan, ta ma fi ta girma, ciyawa ta rufe ta. Kakansa ya nuna masa tun yana yaro.

"Ranar taro kuwa ba ka faɗa ba."

"Na ɗauka tatsuniyar tsofaffi ce, 'yata."

Ya sunkuya ya ɗauki bokitinsa da hannu biyu, ya gangara gida a hankali, yana kaffa-kaffa kada ko ɗigo ya zube.