Kyandir ɗin Ikilima na Ƙarshe

Ashana ta ci har ta kusa lasar yatsun Malam Sulle, amma lagwanin bai kama ba. Ya yarfe hannu, ya ƙyasta wata, ya karkata kwalbar ya zura. Wutar ta ɗan leƙa can ƙasa, ta mutu. 

Kyandir ɗin Ikilima ne, matarsa da ta rasu bara da kaka. A Karaye ta koyo haɗa kyandir mai ƙamshi, tana zubawa a kwalabe, tana sayar wa amare a nan Rogo. Lokacin da ta shigo da sana'ar gida ba irin tsiyar da bai yi mata ba. Wai ga turaren wuta, ga humra, me za a yi da kyandir mai murfi kamar man shafawa? To ga shi yanzu kwalba ɗaya ta rage, mai ƙamshin lemo da kanumfari, ƙamshin da ba ya barin hannayenta, kuma ya fi ji da ita a kan buhunan gyaɗarsa gaba ɗaya.

Kullum in ya dawo daga masallaci da safe sai ya turo ƙofa, ya kunna, ya shaƙa, ya hure da sauri kada ya ƙare. Ko 'yarsu Khaula ba ta san da shi ba, a ƙasan akwati yake ɓoyewa. Yau kuma ga abin ya ƙi shi.

Ya naɗe kwalbar a tsohuwar hula, ya hau motar Karaye. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ƙanƙame hular a ƙirji, har na kusa da shi ya tambaye shi ko ƙwai ya ɗauko.

A unguwar Daura ta Karaye ya yi sallama gidan Hajiya Laure, dattijuwar da ta koya wa Ikilima sana'ar. Ta fito soro da hijabinta, suka gaisa, ta sake yi masa ta'aziyya, ta tambayi Khaula da amfanin gona. Sannan ya warware hular.

"Hajiya, lalacewa ya yi. Shi kaɗai ya rage mini."

Ta kai kwalbar bakin haske ta leƙa. Kakin yana nan tsaye a gefe, tsakiya kuwa ta zurma kamar rijiya, lagwanin ya nutse a ciki.

"Malam Sulle, ai kai ka haƙa wannan ramin. Kunnawa kake kana kashewa nan take, ko?"

"Don kada ya ƙare ne."

"To tattalin naka ne ke kashe shi. Shi wannan in an kunna, barinsa ake yi sai samansa ya narke gefe da gefe. In kana katse shi, tsakiya kaɗai zai riƙa ci har ya binne lagwaninsa, ƙamshin kuma duk ya maƙale a jikin kwalba."

Ta kai hanci ta shinshina. "Hannun Ikilima ne," in ji ta. "Kullum sai ta cika kanumfari. Na yi faɗa har na gaji." Ta goge ido da gefen hijabi, ta shiga gida ta ɗauko cokali da almakashi. Ta kankare kakin gefen a hankali har lagwanin ya fito, ta datse baƙin kansa.

"Ka ɗora shi a faranti, nesa da labule. Kada ka kunna ka tafi gona. In ya rage kamar faɗin yatsa a ƙasa, ka kashe ka rufe. In ka ƙure shi, kwalbar fashewa za ta yi."

"Ke nan ba a ƙone shi duka?"

"Ba a yi. Dole a bar saura."

Wannan maganar ce ta rako shi har Rogo. Dole a bar saura. Tun rasuwar bai ji abin da ya sanyaya masa rai kamarta ba.

Bayan la'asar ya iso gida. Khaula na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta yi masa sannu da zuwa. Ya shiga ɗaki, ya ɗaure labule, ya ɗora kwalbar a faranti, ya ƙyasta ashana. Lagwanin ya kama tsaf. Nan da nan bakinsa ya tattaru zai hure, don sabo, sai ya danne leɓe da hannu. Ya zauna yana kallon kakin na narkewa, yana faɗaɗa zuwa gefe. Ƙamshin ya cika ɗakin, irin cikar da bai taɓa bari ya yi ba, ya bi ƙofa ya fita.

A waje, ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya.

Can sai ga Khaula a bakin ƙofa, ɓawon gyaɗa a zaninta, idonta ya ciko.

"Baba," in ji ta, "ƙamshin Inna nake ji."

Kunya ta kama shi. Shekara guda yana shaƙar uwar yarinyar nan shi kaɗai, ƙofa a rufe. Ya matsa gefe a kan tabarma.

"Shigo ki zauna, 'yar nan," in ji shi. "Ba yanzu za a kashe ba."