Faifan Purvis a Gidan Makoki

Ranar da za a binne Purvis Tate, abokinsa Cleotis ya kasa zaune ya kasa tsaye. Tun da safe Fasto ya faɗa masa ƙarara cewa a coci za a ce mamacin ya yi aiki a injin gurzar auduga, ya bar 'ya'ya, shi ke nan. Zancen fiyanon da mamacin ke kaɗawa ba zai fito daga bakinsa ba.

Alhali Purvis ya taɓa yin faifai a Chicago, ɗaya tak, na kiɗan buluz da bugi. Bai yi kasuwa ba. A nan garinsu Belzoni ma ba wanda ya taɓa sa shi. Mutanen coci sun ce kiɗan Shaiɗan ne, 'yan mashaya kuwa sun ce ga Purvis ɗin da ransa, me za su yi da faifai? Cleotis ya ƙudura sai garin ya ji shi ko sau ɗaya, a wajen cin abincin bayan jana'iza.

Garmahonsa ya mutu tuntuni. Ya jefa faifan a kujerar bayan mota, ya bazama gari neman aro. Nan a ce an koma kaset, can a ce allura ta karye. Da kyar ya samu a shagon Elzie mai aski.

"Kai da ko rawa ba ka iya ba, yau kai ne makaɗin gawa?" in ji Elzie.

"Ba ni akwatin, tsohon banza, ka riƙe surutun."

"Ozella yayar Purvis za ta fasa maka shi a ka."

"Kan naka ne?"

Aka yi coci, aka yi maƙabarta, Cleotis yana ta murza hularsa. Sai da ya buɗe mota a ƙofar gidan Ozella, yayar mamacin, sannan ya ga ɓarnar. Rana ta dafa faifan, ya lanƙwashe kamar busasshiyar fata. Kuma duk garin ba wani.

Duk da haka ya ja waya ta tagar kicin, ya girke garmaho tsakanin tiren soyayyar tarwaɗa da na burodin masara. Allura ta hau tudu ta yi tsalle. Ya mayar, ta sake. Gumi ya jiƙa masa kwala. Elzie ya matso, ya ɗora kwandala a kan hannun allurar don ta yi nauyi.

Allura ta zauna. Hannun hagun Purvis ya taso a kan fiyano yana gurnani kamar jirgin kaya, na dama yana tsokanarsa daga sama. A ƙarƙashinsu kuma ga dunduniya tana dukan katako. Masu ɗaukar faifan sun so su sa masa matashi a ƙarƙashin ƙafa, ya ƙi.

Ozella ta fito da ludayi a hannu. Ita ce uwar mata a coci.

"Cleotis, a gidana? Ƙanena ko kwana bai yi a ƙasa ba."

"Yaya, gefe ɗaya na faifan kawai."

Ta kama wayar za ta fizge, sai ta tsaya, ta karkata kai. Lokacin da suke yara cocinsu ba shi da ganga, mata ke dukan daɓen katako da ƙafa a yi waƙa a kai.

"Wannan ai takun Mama ne," ta ce. "Ji yadda yake ɗan jinkirta na biyun. Ɓarawo. Daga coci ya sato ya kai mashaya."

Ba ta saki wayar ba, ba ta kuma ja ba. Fasto ya duƙufa a kan farantinsa kamar mai neman ƙaya. Hira ta mutu a tsakar gidan har gefen ya ƙare, allura ta shiga shuu.

Cleotis ya miƙa hannu zai rufe akwatin.

"Ina za ka kai shi?" in ji Ozella. "Faifan ba shi da baya ne?"