Ledar Yogot ɗin Madam Stella

"Baban Keziya, bar tayar nan ka je wajen 'yarka. Yau kasuwa ba za ta tashi lafiya ba."

Hulda mai kunu ce ta faɗi haka, tana sauri da bokiti a ka. Azariya ya ɗago daga tayar da yake wa faci a gefen titin tasha. Kwana biyun nan ba a da zance a Kafanchan sai na yaran firamaren da aka kwantar a asibiti bayan sun sha yogot na leda, kuma an ce 'yan duba-gari za su fito da dokar hana gurɓata abinci. Ya yar da guduma ya bi bayanta, ko hannu bai wanke ba.

'Yarsa Keziya tana yi wa Madam Stella tallar yogot ne kafin ta samu shiga kwalejin Gidan Waya. Da, takan kawo wa ƙannenta ragowa. Da ta daina ya tambaye ta dalili, ta ce, "Baba, in ba wuta, wanda ya kwana ake juyewa cikin sabo, a ƙara ruwa da sitaci." Ya ce ta bar aikin, ta roƙe shi ya bari wata ya ƙare.

A ƙofar kasuwa ya same ta, mutane sun zagaye ta, kularta a buɗe. Kwata ta yi fari da yogot ɗin da aka riga aka zubar wa wasu 'yan talla. Wata jami'ar duba-gari, Ofisa Emilia, tana ɗaga leda ɗaya tana dubawa a rana, ɗan sanda na tsaye a gefenta.

Sai ga Madam Stella ta sauko daga mashin tana huci.

"Ofisa, kayana kilin ne! Kowa ya san ni a garin nan. Keziya, fasa ɗaya ki sha su gani."

Haka ake yi a kasuwa: in an yi shakkar kayanka, ka ɗanɗana a gaban mai saye. Ofisa Emilia ta ce ba haka doka ta tsara ba, amma hayaniya ta danne muryarta. "Ta sha! Ta sha mana!" Keziya ta ɗauki leda ta kai baki.

Azariya ya ratsa mutane ya fizge ledar. Baƙin yatsunsa ya zauna a jikin ledar.

"Ba za ta sha ba."

"Baba, in ban sha ba za su ce..."

"Su ce." Ya juya ya miƙa wa Madam. "Ke kika dama. Ga shi, sha."

Madam ta dubi ledar, ta ja da baya kaɗan. "Ni ina azumi. Satin addu'a muke a coci."

"Azumi?" Hulda ta sauke bokitinta. "Ƙosan da kika ci a wajena da safe fa, mala'ika ne ya ci?"

Wurin ya fashe da dariya. Madam ta nuna Azariya da yatsa. "Ni na taimaki 'yarka tana zaune a gida. Za mu haɗu gaban Fasto."

"Mu haɗu. Zan ajiye miki ledar ki yi buɗe-baki da ita."

Nan take maganarta ta sauya. "Ofisa, duba da kyau, akwai sunana a jikin leda? Wa ya sani ko yarinyar ce take ƙara ruwa a hanya?"

Keziya ta fashe da kuka. Azariya bai sauke hannunsa ba. Ofisa Emilia ce ta zare ledar daga hannun nasa ta saka a kula.

"Baba, doka tana kama wanda aka samu yana sayarwa. Dole mu tafi da ita. Madam, ke ma shiga mota."

"To ku tafi da ni."

"Kai ba ka yi laifi ba," in ji ɗan sandan. "Sauka."

Azariya ya riga ya hau bayan motar, ya zauna kusa da 'yarsa. "Ni na haife ta. In za ka sauke ni, sai dai ka ɗauke ni."

Ɗan sandan ya dubi Ofisa, ta ɗaga kafaɗa. Motar ta tashi, Madam a gaba tana buga waya, kular tsakanin ƙafafun Keziya.

An ce Kaduna za a aika da ledojin a gwada. Har yanzu Azariya bai san abin da za a samu a ciki ba, bai kuma san sunan wa za a kira a kotu ba.